Maigida ya ce lafiyarsa ƙalau, ba zai yi gwajin kilamidiya ba

Admin: Assalamu alaikum jama'a. Wata 'yar'uwa daga nan cikin Gombe ta turo wannan, ta ce a sakaya sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci, wanda ya yi zagi zan fitar da shi.

"Salam Admin. Shekarata huɗu da aure, ni ce ta biyu a gidan. Tun shekarar farko nake fama da ciwon mara, ya zo ya tafi, wani lokaci har da ɗan jini bayan mun sadu. Sau uku ana ɗibar ruwan gabana ana kaiwa lab, kullum magana ɗaya: wai ƙwayar cutar sitaf ce. Na sha allura har zama ya gagare ni, na sha na Hausa jarka-jarka. Wata uku da suka wuce Allah ya ba ni ciki, murna ba ta je ko'ina ba aka ce a bututu ya zauna, ba a mahaifa ba. Cikin dare aka shiga da ni tiyata aka cire bututun hagu. Da na koma ganin likita ta ce ta ga tabo a ciki irin na tsohon ciwo, ta rubuta mini gwajin wata cuta wai ita kilamidiya, ta ce lallai maigida ya yi, uwargida ma ta yi. Na faɗa masa, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, 'ya'yansa biyar da uwargida, ba inda za shi. Har cewa ya yi in da abin da nake son faɗa masa in fito fili. Yau kwana uku ba ya cin abincina. Wace irin cuta ce wannan da ban taɓa jin ko sunanta ba? Kuma ta ina zan tunkari uwargida ba a ce na shafa mata kashin kaji ba?"

Maman Ilham: Allah sarki, sannu 'yar'uwa. Allah ya mayar miki da alheri. Wannan ai sanyi ne ya ci jikinki, irin wanda ake ɗauka a bandaki. Ki daina haɗa bandaki da kowa, ki riƙa tafasa bagaruwa kina shiga ruwan da ɗuminsa. Likitoci dai sun iya sa wa abu babban suna.

Hajiya 'Yar Dukku: Innalillahi. 'Yata, ki fara gode wa Allah da ya bar ki da rai, cikin bututu ya tafi da mata da yawa kafin a kai su asibiti. Maganar uwargida kuwa kada ki kuskura ki kai mata da bakinki. Ba hurumin ki ba ne.

Sista Ungozoma: Maman Ilham, ki yi haƙuri zan saɓa miki, don wannan maganar ta bandaki ita ce ke sa mata su shekara suna wanke masai da fetur alhali ciwon na can yana aikinsa. Kilamidiya ba a ɗaukar ta a bandaki, ko a bokiti, ko a tawul. Ƙwayar bakteriya ce da ke bi ta saduwa, sai kuma uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Abin da ya sa ta zama mugu shi ne shirunta. Mafi yawan matan da ke ɗauke da ita, kusan bakwai cikin goma, ba sa jin komai. Maza ma kusan rabinsu haka. Ba ƙaiƙayi, ba wari, ba zafin fitsari. Tana zaune a bakin mahaifa, a wasu matan ta haura sama ta shiga bututun da ƙwai ke bi, ta kumbura shi, in ya warke ya bar tabo. Tabon nan shi ne ke toshe hanya a rasa haihuwa, ko ya ƙuntata ta ƙwai ya maƙale a hanya ciki ya zauna a bututu. Don haka "lafiyata ƙalau" da maigida ya ce, gaskiyar abin da yake ji ya faɗa, amma ba hujja ba ce.

Kuma kalmar "sanyi" ɗin nan ta zame mana buhu, kowa ya zo ya zuba nasa. Ƙaiƙayi da farin abu kamar kindirmo daban, yawanci ma ba ta saduwa ake samun sa ba. Ruwa mai ƙarni daban. Ciwon sanyi na ainihi mai sa namiji zubar da mugunya daban. Kilamidiya daban. Kowanne da maganinsa.

Maman Ilham: To Sista, in ba a bandaki ba, kina nufin wani a gidan ya yi abin da bai dace ba ke nan? Ai gara a ce bandakin, a zauna lafiya.

Abu Fadil: Yawwa, kin zo wurin. Ni namiji ne, bari in faɗa muku yadda maganar ke sauka a kunnenmu. Mace ta dawo daga asibiti ta ce an ce ka je a gwada ka cutar da ake ɗauka ta saduwa. Me ta ce maka? Ta ce maka mazinaci. Ko kuma kai ka fara tunanin ita daga ina ta kwaso. Mutumin nan da 'ya'ya biyar, da yana da wata cuta ai da uwargidan ba ta haihu ba. Likitocin nan su riƙa tauna magana, suna kashe aure ba su sani ba.

Sista Ungozoma: Malam Abu Fadil, 'ya'ya biyar ba sa wanke kowa kuma ba sa kama kowa. Ba kowace mace mai kilamidiya take samun toshewar bututu ba, kaɗan ne daga ciki, wasu jikinsu ma kan kawar da ita da kansa. Sannan wa ya ce tun farkon auren take gidan? Yaushe uwargidan ta yi haihuwar ƙarshe?

Mai Lab na Tumfure: Ku ba ni dama in yi magana a kan ɓangarenmu, don abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne sitaf sau uku. Wannan gwajin da ake yi, a sa auduga a ɗebo ruwan gaba a shuka a faranti a jira kwana biyu ko uku, ba ya ganin kilamidiya ko da ta cika maƙil. Dalili, ita ba ta tsirowa a irin wannan faranti, sai a cikin ƙwayar halitta mai rai take hayayyafa. To me zai tsiro? Abin da ke kan fata. Sitaf ƙwaya ce da ke zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa masu lafiya, auduga ta ɗan goga a waje ta ɗebo ta. Sai a rubuta sitaf, a jero allurai, mace ta kashe kuɗi, wata uku ta dawo a sake rubuta sitaf. Ban ce sitaf ba ta sa ciwo ba, tana sa maruru da ciwon rauni da sauransu, amma ba ta cikin cututtukan da ake lissafawa na saduwa, kuma ba ita ce dodon rashin haihuwa da masu lasifika a tasha suka mai da ita ba.

Gwajin kilamidiya na gaskiya shi ne mai neman ƙwayar gadon cutar, dangin PCR ɗin da kowa ya ji sunansa lokacin korona. Ga namiji ba jini, ba tuɓewa, ba a zura masa komai. Fitsari ne kawai, na farkon fitowa, kamar cokali biyu zuwa uku, da sharaɗin ya yi aƙalla awa ɗaya bai yi fitsari ba. Akasin gwajin fitsarin da kuka saba da ake cewa a zubar da na farko a tari na tsakiya. Mace kuma auduga ta fi, kuma tana iya shiga bandaki ta ɗauka da kanta ba sai wani ya gan ta ba. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita ma tana da harsashi, wato ɗan mazubin da ake sa mata, da ke gwada kilamidiya da ciwon sanyi a tare cikin kamar awa ɗaya da rabi, matsalar dai samun harsashin da tsadarsa. Ba kowane lab ke yi ba, don haka kafin ki biya ki tambaya: wane iri za ku yi mini? In aka ce miki shukawa za a yi, ki riƙe kuɗinki.

Ummu Sadiq: Wallahi Mai Lab ka taɓa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Shekara biyu ina maganin sitaf. Har gidan wata mai magani aka kai ni a Kumo.

Hajiya Mai Haɗi: Masu fama da sanyi kowane iri, sitaf, toshewar mahaifa, akwai ingantaccen haɗi, kwana uku kin rabu da shi da yardar Allah. A yi mini magana ta akwati, muna aikawa Bauchi da Yola.

Admin: Hajiya, ba a talla a nan. Na goge na biyun, in kika ƙara zan cire ki.

Sista Ungozoma: Kuma don Allah a daina cushe-cushe a gaba. Duk abin da aka tura ciki, ko ganye ko sabulu, yana iya kashe ƙwayoyin da Allah ya ajiye su tsare wurin, sai ya buɗe wa ciwo ƙofa.

Malam na Bolari: Bismillah. Na karanta abin da Abu Fadil ya rubuta, kuma na san haka maza da yawa za su ji. Amma mu duba garinmu da idon gaskiya. Mu al'umma ce da ake aure, a rabu, a sake aure, kuma halal ne. Bazawara ta yi idda ta auri wani, bazawari ya auri wata, mai mata ɗaya ya ƙara. Idda tana tabbatar da babu ciki, ba ta wanke ƙwayar cuta. Ke nan abu zai iya tasowa daga wani gida da ba ku ma san shi ba, ya bi ta aure uku na sunna ya iso ɗakinka, ba tare da kowa a cikinku ya saɓa wa Allah ba. A Suratul Hujurat an hana mu yawan zato. Sannan ƙa'ida ce sananniya a shari'a cewa ba cuta ba cutarwa. Mijin da likita ya ce ya yi gwaji don kada ya cutar da iyalinsa, ya ƙi saboda girman kai, ya sani haƙƙin mata biyu ne a wuyansa, ba ɗaya ba.

Abu Fadil: Allah ya gafarta Malam, na ji wannan. Amma ba kowane gida ne aka yi aure-aure ba. In saurayi da budurwa ne fa aka samu?

Malam na Bolari: To sai a yi magani, a bar wa Allah abin da ya suturta. Takardar lab ba shaidu huɗu ba ce.

Admin: Mai tambaya ta ƙaro bayani:

"Na gode ƙwarai. Tunda an tambaya, na taɓa aure na wata takwas kafin wannan. Shi ma tsakanina da uwargida ya auri wata suka rabu. Autan uwargida shekararsa shida, tun daga shi ba ta ƙara ko ɓari ba, ita ma tana yawan cewa mararta. Mun yi gwaji kafin aure, an ce duk lafiya lau, shi ya sa abin ya ɗaure mini kai."

Hajiya 'Yar Dukku: Kun ji ko. To wa zai ce ga wanda ya kawo? A bar kaza cikin gashinta.

Mai Lab na Tumfure: Gwajin kafin aure da muka saba jini ake ɗiba a duba ƙanjamau, ciwon hanta, da jinsin jini saboda sikila, wani wurin a ƙara gwajin ciki. Ko dokar da Kano ta yi a 2024 ta tilasta gwaji kafin aure, waɗannan ne manyan abin da ta ambata. Kilamidiya ba a jinin nan ake neman ta ba, don haka "duk lafiya lau" na nufin lafiya a kan abin da aka duba kawai. Haka awon ciki, ana duba ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta, ita ba a saba dubawa ba.

Abu ɗaya da nake so ƙanwata ta shirya masa: gwajinki zai iya fitowa babu komai. Wannan ba ya nufin likita ta yi ƙarya. Cutar na iya zama shekara ko fiye a jiki, tana kuma iya yin ɓarnarta ta wuce, ko wani maganin da kika sha ya dace da ita, tabon ya rage. Kuma ba ita kaɗai ke lalata bututu ba, ciwon sanyi na yi, ciwon da ke biyo bayan ɓari ko haihuwa na yi, har tarin fuka na yi. Gwajin ba ya faɗin yaushe aka ɗauka, balle daga wa. Abin da yake faɗa kawai: yau tana nan ko ba ta nan.

Ɗalibar Jami'a: Ni abin da ke ba ni mamaki, wannan cuta ba ƙarama ba ce a duniya amma mu ko sunanta ba mu da shi da Hausa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sabbin kamuwa kusan miliyan 129 a 2020 kaɗai, tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Ingila tun 2003 take da shirin gwada matasa 'yan ƙasa da 25 ko ba su da wata alama. A Amurka ma shawarar ita ce duk macen da ke saduwa kuma ba ta kai 25 ba a riƙa gwada ta. Mu da 'yan matanmu da yawa ke aure kafin 20, ai mu ne ya kamata mu fi kowa yi. Me zai hana a sa shi cikin gwajin aure?

Mai Lab na Tumfure: Kuɗi, ƙanwata. Mutumin da ke ƙorafin kuɗin gwajin jinsin jini za ki ɗora wa wannan? Sannan gwajin aure na rana ɗaya ne, cutar kuwa ba ranar ɗaurin aure kaɗai take shiga gida ba. Ita Ingilar ma a 2021 ta sauya tsarin, ta mai da hankali kan mata matasa, don a jikinsu ɓarnar ta fi yawa. Ni da za a tambaye ni, wurin awon ciki zan fara sa shi, da duk macen da ta zo da ciwon mara ko neman haihuwa, da duk gidan da za a ƙara aure.

Ummu Sadiq: To ga shi nan dai, a can ma mace ce za a gwada. Ita ce asibiti, ita ce allura, ita ce tiyata, ita ce gorin rashin haihuwa daga dangin miji, shi kuwa yana majalisa yana shan shayi da cutar a jikinsa.

Abu Fadil: Haba Ummu Sadiq, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Sista Ungozoma: Ba duka ba, amma ka zo ɗakin awo ka ƙirga mini mazan da ke rako matansu. Kuma ku daina ganin ku ta ƙyale ku. Tana sa wa namiji kumburi da ciwo a maraina, tana kuma sauƙaƙa kamuwa da ƙanjamau ga mace da namiji. Jaririn da aka haifa ta cikinta yakan tashi da ido a kumbure yana kwantsa a sati na farko ko na biyu, wani kuma ciwon huhu bayan 'yan makonni. Sai ka ga kaka tana ɗiga masa nono a ido.

Abin takaicin, maganin ba wuya. Doksisaikilin ne safe da yamma kwana bakwai, ko azitromaisin a sha sau ɗaya. Mai ciki ba ta shan doksisaikilin, ita azitromaisin ake ba ta, shi ya sa ban yarda kowa ya karanta wannan ya ruga kemis ba. Filajil da kuke sha kamar gyaɗa ba ya taɓa ta, allurar da ake yi wa ciwon sanyi ma ba ta kashe ta. Wadda ciwon ya riga ya hau sama kuma haɗin magunguna ake ba ta na sati biyu. Amma sharaɗin da ya fi kowanne: duk mutanen gidan su sha a lokaci ɗaya, a ƙaurace wa shimfiɗa kwana bakwai, bayan wata uku a sake gwaji. In ke kaɗai kika sha, ranar girkinki cutar ta dawo miki, kin ɗebi ruwa da kwando. Inda gwajin ya gagara samuwa, likita na da damar duba alamomi da tarihi ya ba ku maganin gaba ɗaya, haka ake yi a asibitocinmu da yawa.

Maman Ilham: Sista na karɓi gyara. Amma ni azitromaisin ɗin nan kamar shi aka taɓa rabawa a ƙauyenmu na ciwon ido?

Mai Lab na Tumfure: Shi ne. Amodari ma kilamidiya ke kawo shi, amma wani reshe ne daban, ƙuda da hannu da tsumman goge fuska ke yaɗa shi, ba ruwansa da saduwa. Kada wani ya ga tsohuwa da amodari ya fara lissafi.

Hajiya 'Yar Dukku: Duk kun yi ilimi, amma yarinyar nan tambaya ta yi ta zaman gida. 'Yata, ji nan. Kada ki sake ce masa "an ce ka je a gwada ka". Ki bari ya huce, ki yi masa abin da yake so, ki ce likita na son ganin sa a kan aikin da aka yi miki da yadda za a tsare bututun da ya rage. Gaskiya ce ai, ba ƙarya kika yi ba. In ya shiga ofis, likita ta san yadda za ta faɗa masa, namiji yakan ji daga bakin mai farar riga abin da ba zai ji daga matarsa ba. In ya ƙi, ki nemi wanda yake jin nauyi, yayansa ko amininsa, mutum ɗaya tak mai riƙe sirri. Uwargida kuma shi zai kai ta da kansa, ya ce maganin gida ne gaba ɗaya. In daga bakinki ta ji, ko Alƙur'ani kika dafa cewa za ta yi kin ce ita ta sa miki.

Sista Ungozoma: Hajiya ta gama magana. In ƙara da cewa mata da yawa sun haihu da bututu ɗaya, kada ki yanke ƙauna. Amma duk ranar da kika ga ɓatan wata ki je a yi hoto da wuri a ga inda cikin ya zauna, don wadda ta taɓa yin na bututu ta fi wata haɗarin maimaitawa. In ba a samu gwajin a inda kike zuwa ba, ki sa likitarki ta tura ku sashen mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya, su za su faɗa muku inda ake yi.

Admin: Saƙo daga mai tambaya, bayan kwana biyar:

"Na bi shawarar Hajiya. Yayansa ya yi masa magana, jiya mun je tare. Da ya ji fitsari ne kawai sai ya ce da ma abin ke nan? An ɗauki nawa da nasa, an ce mu dawo. Likita ta ce in an samu a ɗayanmu duk mu ukun za mu sha magani. Ya ce zai yi wa uwargida magana da kansa, amma har yanzu bai yi ba, yau ma na ga ya shiga ɗakinta ya fito da zancen kuɗin makarantar yara. Tambayata ta ƙarshe, kwana bakwai ɗin da za a ƙaurace, yaya za a yi da rabon kwana? Kwana bibbiyu muke yi, kada a ce an ci na wata."

Malam na Bolari: Rabon kwana na nan yadda yake, ya kwana inda ya kamata ya kwana, a ci abinci a yi hira. Abu ɗaya ne aka ɗage.

Ummu Sadiq: Malam, bakwai ba ta rabuwa biyu. Ku mai da shi takwas kawai, huɗu-huɗu.

Abu Fadil: Mai Lab, duba akwatinka, na turo maka saƙo. Wani abokina ne ke tambaya.